Wa Ke da Alhakin Alƙaluma? Darasi daga Gidan Wayar Birtaniya

A manyan ma'aikatu na wannan zamani, bayanin da aka adana a kwamfuta ya zama tamkar shaidar da ba a yi wa tambaya. Da shi ake biyan albashi, da shi ake fitar da sakamakon jarrabawa, da shi kuma ake tantance wanda ya ci amana. Amma duk da wannan nauyi, idan bayanin ya zo da kuskure aka nemi wanda zai amsa, sai jami'ai su yi ta nuna wa juna yatsa. A ra'ayina, ingancin bayanai al'amari ne na shugabanci tun kafin ya zama na fasaha, kuma abin da ya auku a Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ya isa hujja.

A shekarar 1999 hukumar ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda ke ƙarƙashin kulawar kamfanin Fujitsu, a dubban rassanta. Ba da jimawa ba masu kula da rassa suka fara ganin giɓin kuɗi wanda ba su san mafarinsa ba. Yarjejeniyar aikinsu ta ɗora musu biyan asarar da ta bayyana, saboda haka wasu suka ci bashi, wasu suka rasa gidajensu. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 bisa zargin sata ko zamba ko murguɗe lissafi, kuma hukumar da kanta ce ta shigar da kusan 700 daga cikin ƙararrakin. Seema Misra, wadda aka yanke wa ɗaurin wata 15 a 2010 tana ɗauke da juna biyu, tana cikin waɗanda abin ya rutsa da su.

Misali ɗaya zai nuna yadda giɓin ke samuwa. A wani reshe da ke ƙauyen Dalmellington a Sikotilan, allon kwamfuta ya daskare yayin da ake tabbatar da karɓar kuɗi. Duk lokacin da aka sake danna maɓalli, sai manhajar ta ƙara rubuta adadin ba tare da ta nuna ba, har lissafi ya nuna giɓin fam 24,000. Kuɗin da aka ce sun ɓace ba su taɓa shiga reshen ba.

Masana sun yarda cewa babu babbar manhajar da ta kuɓuta daga kuskure. Abin da ya mayar da kuskure ya zama zalunci shi ne yadda aka tafiyar da bayanan, kuma a nan an samu rauni ta fuska uku. Na farko, kamfanin yana riƙe da kundin kurakuran da ya gano, amma wannan sani bai isa ga masu rassa ko lauyoyinsu ba. Na biyu, ma'aikatan kamfanin suna iya taɓa lissafin reshe daga nesa, alhali hukumar ta shafe shekaru tana musanta haka. Na uku, da yawa daga cikin masu ƙorafi sun ce an shaida musu cewa su kaɗai ke da wannan matsala, don haka ba a haɗa koke-koken wuri ɗaya balle a ga kamanninsu. Hasali ma, masu binciken kuɗi na Second Sight da aka ɗauko a 2012 sun nuna akwai aibi, amma aka sallame su a 2015.

Sai da mutum 555 suka haɗa kai ƙarƙashin jagorancin Alan Bates kafin Babbar Kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓi. A Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke ɗaruruwan hukunce-hukunce a lokaci guda. Kafin nan wasu sun riga sun rasu da tabon sata a sunansu.

Daga wannan, ina ganin akwai ginshiƙai huɗu da ya wajaba kowace babbar ma'aikata ta kafa. Kowane rukunin bayani, ko na albashi ne ko na ɗalibai, ya kasance yana da jami'i sananne daga sashen da ke amfani da shi, wanda zai amsa tambaya a kansa. Bai kamata a jibga wa sashen kwamfuta wannan nauyi shi kaɗai ba. Sannan duk gyaran da aka yi wa bayani ya bar sawu: wa ya yi, yaushe, kuma don me. Bugu da ƙari, a tara ƙorafe-ƙorafe a kundi ɗaya ana nazarinsu, domin ƙaramin ma'aikaci ne ke fara ganin kuskure, kuma koke iri ɗaya daga wurare goma ya wuce a kira shi tsautsayi. Na ƙarshe, mai binciken ingancin bayanai ya riƙa miƙa rahotonsa ga majalisar gudanarwa kai tsaye, kada ya zama a ƙarƙashin wanda yake bincika.

Wani zai ce wannan tsari yana cin kuɗi da lokaci, kuma amsa kuskure na zubar da martabar ma'aikata. Batun kuɗi gaskiya ne, sai dai diyyar da gwamnatin Birtaniya ta ware ta haura fam biliyan ɗaya. Batun martaba kuwa, muna da misali a gida. A Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito fili ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997, aka kuma ba su damar sake jarrabawa. Kuskuren ya yi muni, ya kuma jefa iyalai cikin damuwa, amma an amsa shi cikin kwanaki, inda gidan wayar Birtaniya ya kwashe kusan shekara 20 yana musu. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jami'o'inmu da ma'aikatunmu suna ta mayar da takardunsu cikin kwamfuta, kuma hakan ci gaba ne. Amma kafin a sayi sabuwar manhaja, ya kamata majalisar gudanarwa ta iya faɗin sunan wanda zai saurari ɗalibin da ya ce makin da ke allo ba nasa ba ne, da yawan kwanakin da za a ɗauka kafin a ba shi amsa.