Yankewar Layi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: A Binciki Silsilar Tun Daga Ɗaki Har Bakin Teku

Duk wanda ya san halin da al'ummar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan, na fargabar 'yan bindiga da barin gonaki da kwana cikin zullumi, idan ya ji an ce wani ya ɗauki alƙalami domin ya yi bayani a kan yadda samari za su magance ɗaukewar netwok yayin da suke buga wasan PlayStation ko Xbox da abokan karawarsu na nesa, to, ba mamaki ya ce wannan lagwu ne da bai cancanci tawada ba. Ina girmama wannan ra'ayi, domin kishin jama'a ne ya haife shi, amma ina da hujjar saɓa masa. Hujjar kuwa ita ce, babu wani ma'auni da ya kai wannan wasa saurin tona asirin layi mai rauni. Mai aika saƙon WhatsApp ba zai ankara ba idan layi ya yanke na sakan biyu, saboda saƙon zai jira ya tafi daga baya. Mai kallon bidiyo ma wayarsa ta riga ta tara abin da zai kalla a gaba. Amma wanda yake tsakiyar wasan ƙwallo da wani a Kano ko a Landan, ƙiftawar ido kaɗai ta isa a fitar da shi daga fili a rubuta masa cewa an ci shi. Layin nan da ya yanke wa yaro kuwa, shi ne dai yake riƙe kuɗin manomi a na'urar POS ranar kasuwa, kuma shi ne yake katse kiran neman agaji cikin dare.

Malaman hadisi sun bar mana wata ƙa'ida ta bincike wadda amfaninta bai tsaya ga fanninsu kaɗai ba. Idan ruwaya ta zo musu, ba sa hanzarin yanke hukunci a kanta gaba ɗaya, sai sun bi isnadinta maruwaici bayan maruwaici, har su tabbatar ko silsilar a sadar take ko a yanke, in kuma a yanke take, su nuna ainihin wurin da ta yanke. Haka ya wajaba mai wasa ya yi, domin kowane motsi da ya danna a hannunsa sai ya bi hannaye da yawa kafin ya isa: daga na'urar wasa zuwa rautar gida, daga rauta zuwa ƙarfen sabis na gari, daga nan ya bi wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa zuwa Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya sauka a uwar garken wasan da galibi take Turai ko Afirka ta Kudu, sa'an nan amsa ta biyo wannan hanya ta dawo. Wanda ya tashi yana zagin kamfani tun bai duba ɗakinsa ba ya yi zalunci, wanda kuma ya ƙarar da kuɗinsa wajen sake rauta alhali illar tana can saman ƙarfe ya yi asara. Ladabin bincike shi ne a fara da mafi kusa.

Mafi kusa kuwa a ƙasarmu ita ce wutar lantarki. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, idan wuta ta ɗauke ko da na sakan ɗaya ne, kamar lokacin da ake juyawa daga wutar KEDCO zuwa janareta, sai ta mutu ta sake tashi, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana neman sabis, wasa kuwa ba ya jiran kowa. Alamar wannan a fili take, domin fitilun rautar za su ɗauke su dawo ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa ƙaramin batirin ajiya ne da ake haɗa wa rauta ita kaɗai, ko a jona ta a solar gida, tun da abin da take ci bai taka kara ya karya ba. A kuma kula da zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin rautar da aka ajiye a kan talabijin, ko ƙarƙashin rufin kwano babu silin, ko aka lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, tana iya yin zafi ta rage aiki ko ta kashe kanta.

Bayan wuta sai tazarar da ke tsakanin rauta da na'urar wasa, kuma a nan nasihata ɗaya ce, ita ce a haɗa su da kebul a daina dogaro da Wi-Fi. Saƙon da ke tafiya cikin iska yana raunana idan ya ratsa bangon ƙasa mai kauri irin na gidajenmu, ko ƙofar ƙarfe, yana kuma karo da na wayoyin mutanen gida da na maƙwabta. Idan kebul ya gagara, to, a sani cewa yawancin rautoci na yanzu suna da zango biyu, na 2.4 da na 5: na farko ya fi nisan zuwa amma ya fi cunkoso, na biyu ya fi tsabta amma ba ya jure bango, saboda haka shi ya dace da wanda yake ɗaki ɗaya da rautar. Kuma tun da a garuruwan nan uku yawancin rautoci da layin waya suke aiki, wajibi ne a ajiye ta a sama, kusa da tagar da take fuskantar ƙarfen sabis, a sa mata eriyar waje idan tana da mazauninta, sa'an nan a shiga saitinta a tsayar da ita a kan 4G kaɗai matuƙar yana da ƙarfi a wurin, domin tsallen da take yi tsakanin 4G da 3G shi kansa yankewa ne.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar, wato zaton cewa yawan data ko ƙarfin gudu shi ne lafiyar wasa. Haƙiƙa abin da wasa yake aikawa da karɓa kaɗan ne ƙwarai; buƙatarsa ita ce ƙananan saƙonninsa su isa a jere, a kan lokaci, ba tare da wani ya ɓata a hanya ba. Idan ƙanwa tana ɗora bidiyon biki a ɗaki, yaya kuma yana saukar da fim a zaure, sai saƙonnin wasan su shiga dogon layi a cikin rauta suna jiran a ba su hanya, 'yan wasa su riƙa tsalle a allo kamar masu farfaɗiya. Wasu rautoci suna da saitin da ake kira QoS, wanda ke fifita na'ura ɗaya a kan sauran, amma inda babu shi, shawara tsakanin mutanen gida ta wadatar: a bar manyan saukarwa, har da sabunta wasannin kansu da kan kai gigabayit da dama, zuwa tsakar dare ko bayan asuba, lokacin da ƙarfen sabis ya samu sarari.

Daga nan muka iso mas'alar da ta fi wahalar da samari, wato abin da na'ura take nunawa da sunan NAT. Bayaninsa shi ne, kowace na'ura da ke intanet tana buƙatar adireshi, rauta kuwa adireshi ɗaya take samu daga waje, sai ta raba wa na'urorin gida adiresoshin cikin gida, ta zama ita ce mai shiga tsakani, tana barin abin da aka nema daga ciki ya shigo, tana hana baƙon da ba a gayyata ba. PlayStation tana kasa wannan hali kashi uku, na 1 da na 2 da na 3, Xbox ma kashi uku, buɗaɗɗe da matsakaici da tsattsaura. Mai kashi na ƙarshe shi ne wanda yake shan wahalar haɗuwa da abokan wasa da jin muryarsu. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya kunna UPnP a rauta domin na'urar wasa ta buɗe wa kanta ƙofar da take so, ko ya buɗe da hannu, kamar ƙofa ta 3074 ga Xbox da 3478 zuwa 3480 ga PlayStation, kuma ya guji jera rauta biyu a kan juna kowace tana nata tsaron ƙofa.

Sai dai a nan ne ikon mai gida yake ƙarewa, kuma amana ce a faɗa wa matasa gaskiya don kada wani mai gyara ya ci kuɗinsu a banza. Tsohon tsarin adireshin intanet, wato IPv4, adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun watan Fabrairu na 2011. Saboda haka kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, su yi nasu NAT ɗin a can ofishinsu. Wanda ya duba adireshin wajen rautarsa ya ga ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, to, ya tabbata yana bayan irin wannan shinge, kuma duk ƙofar da ya buɗe a gida, akwai wata a gaba da mabuɗinta ba ya hannunsa. Ko Starlink, da ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, a kan wannan tsari take ba talakawan masu rajista adireshi. Mafita ta gaskiya ita ce kamfanoni su yalwata sabon tsarin IPv6, wanda adiresoshinsa suke da yawan gaske, ko su sayar da adireshi na musamman a farashin da mutumin karkara zai iya.

Wani abin kuma babu mai iya gyara shi, sai dai a san shi a yi haƙuri. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, wayar MainOne kuwa da aka ƙaddamar a 2010 tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kimanin kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa a tekun kaɗai ya ci kashi 70 bisa dubu na sakan, ba a lissafa tafiyar Katsina zuwa Legas ba. Wannan jinkiri hukuncin nisa ne, kuma zaɓen uwar garke mafi kusa ne kaɗai ke rage shi. Haka nan idan wayar tekun ta lalace: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da ofisoshi da dama suka samu cikas, babu saitin rautar da ya amfani kowa.

Amma yankewar da ta fi kowace girma a tarihin waɗannan garuruwa da hannu aka yi ta. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan jihar Zamfara, aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, da niyyar raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wanda ya tuna ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a daren 11 ga Disamba 2020 ba zai tuhumi niyyar ba. Sai dai jama'a sun ɗanɗani kuɗarsu, domin watanni aka yi mutum yana biyan kuɗin mota zuwa wani gari don ya yi waya ɗaya ko ya karɓi kuɗin da ɗansa ya turo, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar sanar da kowa, har sai da aka fara maido da layukan a watan Disamba. Darasin da na ɗauka shi ne, sadarwa a wannan yanki ta shiga sahun larurori, kuma duk abin da ya kashe ƙarfen sabis ɗaya, ko ƙarancin gas ne, ko satar batir, ko tsoron da ke hana ma'aikata zuwa gyara, ya taɓa rayuka da dukiyoyi.

Saboda haka kirana kashi uku ne. Ga hukumomi: dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wadda ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, ta zama aiki a ƙasa, a tsare ƙarafan sabis na yankin Funtuwa kamar yadda ake tsare banki, Asusun USPF kuma, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin wuraren da riba ba ta kai kamfanoni, ya waiwayi ƙauyukan bakin daji da sola da wayar gilashi. Ga kamfanoni: tun da Hukumar NCC ta amince musu da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, adalci ne mutumin Sabuwa, da yake biyan abin da mutumin Abuja ke biya, ya ga alamar kuɗinsa. Ga samari: bayan kun gyara abin da ke ɗakinku, ku riƙa rubuta rana da sa'ar da layi ya yanke da tsawon yankewar, ku kai ƙara ga kamfani, in ba a saurare ku ba ku kira 622, lambar ƙorafi ta NCC wadda kyauta ce, domin ƙara mai hujja ta fi gunaguni dubu.

Iyaye da malamai kuma suna da haƙƙin tsawatarwa idan wasa ya cinye lokacin salla ko na karatu ko na gona, wannan babu jayayya a kansa. Abin da nake roƙo shi ne, idan suka ga yaro ya duƙufa yana binciken dalilin da ya sa layinsa ke yankewa, har ya iya bambance laifin wuta da na Wi-Fi da na kamfani, su gane cewa ilimi ne yake shiga kansa, kuma sana'a ce da asibitocinmu da makarantunmu da cibiyoyin jarrabawar JAMB suke nema ruwa a jallo, har sukan ɗauko mai yi daga Zariya ko Kano. A ƙarfafa masa gwiwa, a kai shi inda zai koyi fannin bisa ƙa'ida, domin garuruwan nan su samu masu gyara daga cikin 'ya'yansu. Allah ya maido mana da zaman lafiya, ya sa albarka a abin da matasanmu suke koyo.