Sayen Tikiti a Tashoshin Jirgin Ƙasa

Tun daga shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta kashe maƙudan kuɗi wajen farfaɗo da sufurin jirgin ƙasa a Nijeriya. A watan Yuli na wannan shekara aka buɗe sabuwar hanyar dogo mai tsawon kilomita 186 tsakanin Abuja da Kaduna. A watan Satumba na 2020 aka buɗe ta Itakpe zuwa Warri, sa'an nan a watan Yuni na 2021 aka buɗe ta Ikko zuwa Badun, wadda ta ratsa ta Agege da Abeokuta. An gina manyan tashoshi a Idu da Rigasa da Ebute Metta da Moniya, an kuma kawo sababbin taragu masu sanyi. Lalle wannan aiki ya cancanci yabo. Amma fa ba a shiga tarago sai da tikiti a hannu, kuma a wajen sayen tikitin ne ake barin talaka a baya.

Waɗanda suka yi zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna a shekarun farko ba za su manta da abin da suka gani ba. Masu satar mutane sun addabi hanyar mota, jama'a suka koma jirgi, kujeru kuwa ba su wadata ba. Fasinja ya yi sammako ya bi layi, da an buɗe taga an sallami 'yan kaɗan sai a ce tikiti ya ƙare. Yana juyawa sai ya tarar da 'yan baranda a bakin tasha riƙe da tikitin nan, suna neman ninkin kuɗinsa. Kowa kuwa ya sani ɗan baranda ba shi da injin buga tikiti a gidansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Domin maganin wannan ne a watan Janairu na 2021 Ministan Sufuri na lokacin, Mista Rotimi Amaechi, ya ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma a ƙarshen 2023 aka faɗaɗa shirin zuwa hanyoyin Ikko da Warri. Shirin yana da amfani ƙwarai. Kuɗi suna shiga asusu kai tsaye, kuma ana sanin sunan mai kowace kujera. Muhimmancin sanin sunan ya fito fili ran 28 ga Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Kaduna hari. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ce mutum 398 ne suka sayi tikiti, 362 kuma aka tantance sun shiga, amma aka yi kwanaki ana gardama a kan ko akwai waɗanda suka shiga ba da sunansu a takarda ba. Da jirgin ya koma aiki a watan Disamba na wannan shekara, sai aka wajabta ba da lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a sayar wa mutum tikiti. Babu mai hankalin da zai nemi a koma gidan jiya.

Abin dubawa shi ne, su wa ke iya sayen tikiti ta wannan hanya? Sai mai babbar waya, mai katin banki, wanda kuma ya iya karanta Turanci. Ɗan kasuwar da ke sauke albasa a Mile 12, da mahaucin Agege, da tsohuwar da za ta ziyarci jikokinta a Sabon Badun, da yawansu kuɗinsu a lalita yake, wayarsu kuma ta kira ce kawai. Irin waɗannan dole su nemi mai saya musu, shi kuwa ba ya yi a banza. Bugu da ƙari, koke-koke ba su ƙare ba cewa tikiti yakan ƙare a intanet jim kaɗan da fara sayarwa, sa'an nan a same shi a hannun wasu da tsada. Watau ɗan baranda ya bar bakin taga ya koma cikin waya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ko mai wayar ma ba kullum yake dacewa ba. A farkon 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ƙaranci, jama'a sun ga yadda hanyoyin banki suka riƙa tsinkewa, a cire wa mutum kuɗi ba su isa inda ya tura ba. Jirgi kuwa ba ya jiran wanda waya ta ƙi masa aiki.

Akwai darasi daga Ingila. A watan Yuli na 2023 kamfanonin jiragen ƙasa na can suka kawo shawarar rufe kusan dukkan ofisoshin sayar da tikiti, bisa hujjar cewa yawancin fasinjoji ta waya da injin suke saya. Aka sami amsa kimanin 750,000 daga jama'a, ƙungiyoyin makafi da guragu da tsofaffi suka tashi tsaye, a watan Oktoba gwamnati ta umurci kamfanonin su janye shawarar. In ƙasar da wutar lantarki ba ta yankewa ta ga ba za ta iya rabuwa da akawun taga ba, ina ga Nijeriya?

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta yi. Na farko, a ware wani kaso na kujerun kowane jirgi domin masu saye a taga, a karɓi tsabar kuɗi, a rubuta suna da lambar shaida kamar yadda ake yi ta intanet, a kuma buɗe tagar tun da wuri. Na biyu, kowace babbar tasha ta sami injunan sayar da tikiti masu bayani da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, tare da ma'aikaci a tsaye yana nuna wa jama'a, da batir ko wutar rana domin kada injin ya zama kayan ado. Gwamnatin Jihar Ikko ta nuna ana iyawa, domin da katin Cowry guda ake shiga motocin BRT da jirginta na cikin gari wanda ya fara aiki a 2023. Na uku, a kafa allo a fili mai nuna yawan kujerun da suka rage, domin cuwa-cuwa ba ta son haske. Na huɗu, a ba gidajen waya da amintattun wakilai a manyan kasuwanni izinin sayarwa a kan farashin hukuma, kada kuma a manta da ƙananan tashoshi irin su Jere da Papalanto. Na biyar, duk ma'aikacin da aka kama da hannu a cikin wannan ɓarna a gurfanar da shi gaban shari'a, a kuma sanar da jama'a hukuncinsa.

Duk da haka, tushen cutar shi ne ƙarancin kujeru. Muddin masu son tafiya sun fi taragu yawa, ɗan baranda ba zai rasa ciniki ba. Wajibi ne a ƙara yawan taragu da yawan sawu a kowace rana.

Hanyoyin Abuja zuwa Kaduna da Ikko zuwa Badun da rancen ƙasar Sin aka gina yawancinsu, kuma daga aljihun kowane ɗan ƙasa za a biya bashin, mai babbar waya da mai ƙarama. Ministan Sufuri da shugabannin Hukumar Jiragen Ƙasa su tabbata duk wanda ya zo tasha da kuɗinsa da shaidarsa ya sami inda zai sayi tikiti a kan farashinsa na gaskiya.