Kafin a Sauya Manhajar Kuɗinmu, a Gwada Ta Tukuna

Jama'a, yau a Nima da Maamobi kuɗinmu sun koma cikin waya. Mai koko, mai waakye, tela da mai sayar da kaya a kasuwar Nima, kowa da MoMo yake ciniki. Shi ya sa nake ganin duk gyaran da za a yi wa manhajar da ke riƙe da kuɗin nan, bai kamata a sake shi ba sai an gwada shi da rubutacciyar ƙa'ida.

Mu tuna harajin E-Levy da ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, 2022. Doka ta faɗi abin da ake so a fili: kashi 1.5 cikin ɗari, ban da sidi 100 na farko da mutum ya tura a rana, kuma ban da kuɗin da ya tura daga asusunsa zuwa wani asusun nasa. Duk da haka, a kwanakin farko mutane suka yi ta kukan an cire musu haraji inda doka ta yafe, har hukumar haraji ta GRA ta yi alkawarin mayar wa waɗanda aka cire wa bisa kuskure.

To ai irin wannan ƙa'ida ita ce mafi sauƙin gwadawa. Wanda ya tura sidi 100, ba a cire masa ko kwabo. Wanda ya tura 150, harajinsa yana kan 50 ne kawai, wato pesewa 75. Wanda ya tura 100 da safe ya ƙara 60 da yamma, pesewa 90. Ana rubuta irin waɗannan misalai da amsarsu tun kafin a taɓa manhajar, sannan a bi da sabuwar ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk sanda aka sake gyara, kamar da aka rage harajin zuwa kashi 1 a Janairun 2023 ko aka soke shi a Afrilun 2025, sai a maimaita tsofaffin gwaje-gwajen, don kada gyaran hannun riga ya ɓata wuya.

Wannan matsala ba ta Ghana kaɗai ba ce. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya saki wani ƙaramin gyara da ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, jiragen sama suka tsaya, bankuna da asibitoci suka rikice. Dalilin? Wani ɓangare na manhajar yana jiran bayanai 21, ɗaya ɓangaren yana miƙa 20, kuma gwajin da suka yi bai taɓa wannan gurbin ba.

Wasu za su ce gwaji yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba ya kama kowane kuskure. Gaskiya ne. Amma in ba a biya a ofis ba, a titi ake biya. Mai shagon MoMo ne ke shan zagi kan laifin da bai yi ba, ita kuma tsohuwar da ba ta iya karanta saƙon Turanci ba, ba ta ma san an cire mata ba balle ta nemi haƙƙinta.

Don haka ina kira ga Babban Bankin Ghana, wanda dokar 2019 ta ba shi ikon kula da kamfanonin biyan kuɗi, ya wajabta abu uku: a rubuta abin da kowane gyara zai yi, a gwada shi da tsohuwar ƙa'ida da sabuwa, sannan a fara sakinsa ga mutane kaɗan kafin kowa. In an cire wa mutum kuɗi bisa kuskure kuma, a mayar masa kai tsaye ba sai ya je ya yi layi ba.

Mu kuma 'yan Zango, mu riƙa duba saƙon kowane ciniki, mu karanta wa iyayenmu nasu.