HARSHE DA KIMIYYA: Nukiliya, Suna Ce Ko Sifa?

Duk mai sauraron labarun duniya a rediyo ya saba jin "makaman nukiliya", har ta kai da an ambaci kalmar sai hankalin jama'a ya koma kan bom ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945. Alhali kuwa ba sunan makami ba ce. A Turanci ma ba suna ba ce sam, sifa ce.

Sunan shi ne "nukiliyas", watau ɗan ƙwallon nan da ke tsakiyar ƙwayar zarra, wanda Ernest Rutherford ya gano a Ingila cikin 1911. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta kuwa ƙwayar da ke cikin ɓawo. Kusan dukkan nauyin zarra a nan ya taru, ko da yake ƙanƙantarsa ta wuce misali. Duk abin da ya danganci wannan ƙwallo shi ake sifantawa da "nukiliya". To, da Bahaushe ya tashi aro sai ya ɗauko sifar ya bar sunan, ya mai da ita suna, ya riƙa jingina mata abubuwa: makamin nukiliya, tashar nukiliya. Haka aka yi wa "lantarki", ita ma sifa ce a gidansu, amma ta zauna daram ba ta ɓatar da kowa ba.

Nukiliya kam ta ɓatar. A tambayi ɗalibi mece ce ita, zai ce wani mugun ƙarfi ne. Da wuya ya kawo cewa akwai wani abu mai nauyi da mazauni, wanda in an tsaga shi, kamar yadda ake yi wa na yuraniyom, sai ƙarfin ya fito. Turawan ma ba su tsira ba. Na'urar asibiti da ake kira MRI da can akwai wannan kalma cikin sunanta, tsoron da majinyata ke yi ya sa aka cire, alhali ba abin da take tsagawa. Da maganaɗisu take aiki a kan ƙwallayen haidurojin da ke jikin mutum.

Malaman makaranta da masu fassarar labarai na iya raba gardama cikin sauƙi. A kira ƙwallon "cibiyar zarra", a bar "nukiliya" ga makamai da tashoshi, inda ta riga ta kafu. In an zo sifantawa a aji, sai a ce "na cibiyar zarra".