ƊAN KWANGILA SHINA ƘIDAYAR KWANA, MU FA?

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da ku na ƙananan kasuwanni: A karanta wagga takarda a taro, wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Kowa ya san yadda ake yi ran da za a soma sabuwar hanya ko gada ko asibiti. A kafa rumfa, a kaɗa ganga, babban mutum shi ɗauki cebur shi zuba siminti, a faɗi kuɗin aiki da yawan watannin da za shi ci. Mu yi tafi, mu watse. Bayan shekara uku ko huɗu sai mu ji aiki bai ƙare ba, kuɗi kuwa sun ƙaru. In mun tambaya sai a ce mana, ai ɗan kwangila ne ya yi da'awa. To, wagga kalma ta da'awa ita muke so mu warware yau, domin ta nan ne kuɗin ƙasa ke zubewa ba mai jin ƙararsu.

Hanyoyin farko na ƙasarmu da aikin dole anka yi su, kwando bisa kai, har 1946 da dokar nan mai sunan Houphouët-Boigny ta soke shi. Yau ba a kama kowa. Bashi ake ci a ba kamfani, harajinmu shi biya bashin. Ashe kowace tamma da ta ƙaru bisa kuɗin aiki daga guminmu take fita, ko da ba mu ɗauki kwando ba.

LITTAFIN DA AKE ƊINKA KWANGILA DA SHI

Akwai wata ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, sunanta FIDIC. An kafa ta a 1913, mazauninta shina Janiba, ƙasar Suwizalan. A 1957 ta fitar da littafin sharuɗɗan kwangila wanda ake ce ma Jan Littafi saboda launin bangonshi. An sake shi sau da yawa. A 1999 anka fitar da su iri-iri: Ja na aikin da mai aiki ya zana da kanshi, Rawaya na aikin da ɗan kwangila ke zanawa shi kuma gina, da mai launin azurfa na aikin da ake miƙawa gamamme. A 2017 anka sake gyara su duka uku. Bankin Duniya ya yi yarjejeniya da ƙungiyar a 2019 domin a riƙa aiki da sabon bugun cikin ayyukan da shike ba rance. Ba kowace kwangila ake ɗinkawa da wanga littafi ba, gama ƙasashen da Faransa ta mulka suna da nasu tsari na kwangilolin gwamnati. Amma can ma wa'adin kwanaki ke mulki, darasin ɗaya ne.

Mutum uku ne cikin littafin. Akwai mai aiki, watau gwamnati ko hukumar da ta ba da aikin. Akwai ɗan kwangila. Akwai kuma injiniya mai duba aiki, wanda mai aiki ke biya, amma in gardama ta tashi littafin 2017 ya ce kada shi karkata ga kowa sa'ad da shike yanke magana.

ABIN DA KOWA KE IYA NEMA

Ɗan kwangila abu biyu shike nema, ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi. Ga ƙofofin da shike shiga ta cikinsu. In ba a ba shi filin aiki ran da anka yi alkawari ba, ko don ba a biya masu gonaki diyya ba, ko don ba a kawar da turakun waya ba, motocinshi na tsaye amma lissafi na tafiya. In zanen aiki ya makara a ofis, haka. In anka canza shawara bayan an soma, anka ce a faɗaɗa nan, a ƙara kwalbati can, haka. In ya haƙa ya tarar da dutse ko ruwa wanda gwanin ɗan kwangila ba zai iya hangowa ba tun farko, haka. Sa'an nan ga jinkirin biya. Littafin ya ba mai aiki kwana 56 shi biya kuɗin aikin wata. In sunka wuce, ruwa ya hau, ruwan da ya ɗara na banki da kashi 3 cikin ɗari, ana kuwa haɗa shi da uwar kuɗi wata-wata. Ɗan kwangila shina da iko shi ba da sanarwar kwana 21 shi ajiye aiki, kuma asarar ajiyewar mai aiki za ta hau.

Ku lura da abu guda. Damina ba hujja ba ce. Wanda ya karɓi aikin hanya a ƙasar da gulbi ke cika kowane Agusta ya san da damina tun bai sa hannu ba. Sai ruwan da ya wuce misali ke ba shi ƙarin lokaci, shi ma lokaci kaɗai, ba kuɗi.

Mai aiki ma shina da nashi haƙƙi, kuma wanga ne ba a cika gaya mana ba. In aiki ya wuce wa'adi da laifin ɗan kwangila, akwai tarar jinkiri, kowace rana da kuɗinta, har iyakar da anka rubuta. In kwalta ta ɓare ko gini ya tsage cikin lokacin lura da aibi, wanda galibi shekara guda ne bayan karɓar aiki, tilas ɗan kwangila shi gyara da kuɗinshi, in ya ƙi a sa wani shi gyara a bi shi kuɗin. Akwai lamunin banki da shike ajiyewa tun farko. Akwai kuma kuɗin riƙo da ake cirewa daga kowane biya, a ba shi rabi ran karɓar aiki, rabi bayan lokacin lura ya ƙare.

KWANA 28

To ga inda gizo ke saƙa. Haƙƙi cikin wanga littafi shina da kwanakin rai. Wanda ke da da'awa sai shi rubuta ma injiniya sanarwa cikin kwana 28 daga ran da ya san abin ya faru, ko ran da ya kamata shi sani. In bai rubuta ba, haƙƙin ya mutu, ko da gaskiyarshi ta kai hasken rana. Cikin littafin 1999 wanga takobi wuyan ɗan kwangila kaɗai shike bisa. Mai aiki an ce mashi shi sanar da wuri gwargwadon iko, ba a yanka mashi rana ba. Littafin 2017 ya daidaita su. Sashe na 20 ya sa mai aiki da ɗan kwangila cikin ma'auni guda: sanarwa cikin kwana 28, cikakken bayani da hujjoji cikin kwana 84.

Ku tsaya ku yi tunanin ma'anar wanga. Babban kamfani shina da ma'aikata waɗanda ba su taɓa cebur, aikinsu kurum ƙidayar kwana da rubuta wasiƙa. Kowace safiya suna rubuta mota nawa ta tsaya, awa nawa, don me. Mu kuwa kowa ya san tafiyar takarda a ofis: daga wanga tebur zuwa wancan, mai sa hannu ya tafi rangadi, wanda ya san maganar an yi mashi canjin wurin aiki. Kwana 28 ba su jiran mai sa hannu shi komo. Mu da ke koyarwa a lakwal mun san wanga da kyau. Yaron da ba a rubuta fashinshi cikin littafin kiran suna ran da ya yi fashi ba, ƙarshen shekara ba ka da bakin cewa bai zo ba.

GEMUN ƊAN'UWA

Kada ku ce tatsuniya muke. A tsibirin Tobago, can yankin Karibiyan, wata hukuma ta ba wani kamfani aikin gina asibiti bisa Jan Littafi na 1999. Kamfanin ya nemi a nuna mashi shaidar cewa akwai kuɗin biya, kamar yadda sashe na 2.4 ya ba shi iko. Shaidar da anka kawo ba ta gamsar ba, ya ajiye aiki, daga baya ya warware kwangila. Shari'a ta kai har majalisar ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Landan. A 2015 alƙalai sunka ce kamfanin ke da gaskiya. Sunka ƙara da cewa duk kuɗin da mai aiki ke bin kamfanin, in bai ba da sanarwarsu yadda sashe na 2.5 ya ce ba, ba shi da ikon cire su daga abin da ake binshi. Ga aikin asibiti ya tsaya a lokacin, ga haƙƙi ya mutu don rashin takarda.

Ga kuma wanda ya yi tsaye. Gwamnatin Jibaralta ta ba kamfanin OHL na Sifen aikin hanya da za ta bi ta ƙarƙashin filin jirgin sama. Kamfanin ya ce ya tarar da gurɓatacciyar ƙasa wadda bai zata ba, aiki ya tsaya. Gwamnati ta rubuta mashi sanarwar gyara, ta bi matakan littafin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta kore shi a 2011. A 2014 kotu a Landan ta ce korar daidai take, domin wurin tsohon filin soja ne, an kuma ba kamfanin bayanin ƙasar tun farko, gwani ya kamata shi hango. A 2015 kotun sama ta tabbatar da hukuncin. Takardun da anka ajiye su sunka ci shari'ar.

In kuna son ku san girman da da'awa ke kaiwa, ku dubi aikin faɗaɗa mashigin ruwa na Panama. An ba da kwangilar a 2009 bisa dalar Amurka miliyan 3,100 da 'yan kai. Farkon 2014 kamfanonin sunka nemi ƙarin miliyan 1,600, har aiki ya tsaya. An buɗe mashigin a 2016, shari'ar kuɗi kuwa ta ci gaba shekaru bayan jiragen ruwa sun soma wucewa. Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Madatsar Kandaji, wadda anka aza harsashinta a 2008, an ba wani kamfanin Rasha ginin ta, anka soke kwangilar a 2013, shekaru sunka wuce kafin wani kamfanin Sin shi karɓa. Kowace shekara da ta wuce hakanan, manomin bakin kogi da mai jiran lantarki su sunka yi asararta.

MASU CEWA A KORE SU KAWAI

Mun san akwai 'yan'uwa masu zafin zuciya da za su ce, baƙi ne masu cin dukiyarmu, a hana su kuɗin, a kore su. Muna jin zafin da kuke ji, amma ku saurara. Gardama in ta fi ƙarfin injiniya, sai ta tafi gaban kwamitin raba gardama, mutum ɗaya ko uku, su yanke cikin kwana 84. Wanda bai yarda ba shina da kwana 28 shi faɗa. Daga nan sai alƙalan sulhu na ƙasa da ƙasa, bisa ƙa'idodin majalisar ciniki ta duniya da ke Paris. Can ba a jin kirari, ba a tambayar wa ke baƙo wa ke ɗan ƙasa. Takarda ake buɗewa a duba kwanan wata. Gwamnatin da ta kori kamfani ba bisa ƙa'ida ba za ta biya kuɗin aikin da bai ƙare ba, ta biya lauyoyi da kuɗin waje, sa'an nan kamfani na gaba shi tsawwala mata farashi don tsoro.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ba kowace da'awa ce zamba ba. Wanda anka hana ma fili wata shida, ko anka riƙe ma kuɗi shekara, shina da haƙƙi, kuma ƙananan 'yan kwangila na gida da leburori su ke fara kwana da yunwa in ba a biya ba. Laifin wanga namu ne, mu muke buɗe ƙofa da hannunmu.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna neman hukumomi su yi abu biyar. Na ɗaya, kada a sa hannu sai an biya diyyar gonaki, fili ya zama a shirye. Na biyu, a auna ƙasa sosai a ba kowane mai neman aiki sakamakon. Na uku, kowane babban aiki a ba shi ma'aikaci ɗan ƙasa wanda ya san littafin, shi zauna wurin aikin, a ba shi ikon aika sanarwa ba sai takarda ta je Yamai ta komo ba, kada kuma a ɗauke shi sai aiki ya ƙare. Na huɗu, a biya cikin kwana 56. Na biyar, a bayyana ma jama'a kuɗin farko, da kowane ƙari, da dalilinshi, da tarar jinkirin da anka karɓa ko anka yafe, da sunan wanda ya yafe.

Ku kuma 'yan'uwa, in aiki ya ratsa garinku, ku sayi littafin rubutu guda, ku ba wani mai hankali. Shi rubuta ran da motoci sunka zo, ran da sunka tsaya, ran da anka yi ruwa da ran da ba a yi ba, ran da anka biya masu gonaki, ran da kwalta ta fara tsagewa da wurin da ta tsage. In kunka ga aibi kada ku jira taron wata, ku kai ma hukuma a rubuce cikin makon, ku riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Mai tallan goro a bakin hanya ya riga injiniyan birni ganin rami, kuma ran da ya gan shi tana iya zama rana ta ɗaya cikin 28.

Allah shi ba mu ikon tsare abin da ke namu. Wassalam.