Bindigar Wasa Da Bindigar Ɓarna: Abin Lura Daga Illela

A ƙasashen Turai da Amurka harbin bindiga wasa ne da ake gasa a kansa, har yana cikin wasannin Olimfik tun 1896. Babban abin da ke damun gwanayen wannan wasa shi ne shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Dalilinsa kuwa sananne ne ga ɗaliban kimiyya: ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke tura bindiga baya. Saboda haka suke zaɓen bindiga mai nauyi da ƙaramin harsashi, su shekara suna koyon tsayuwa da riƙe numfashi.

To, mu a nan lardin Sakkwato ba shurin kafaɗa ne damuwarmu ba. Illela tana bakin iyaka, daf da Birnin Ƙwanni, kuma hanyar da ke kawo shanu kasuwarta ran Lahadi ba ita kaɗai ce hanya ba. Tun da aka kifar da mulkin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka bazu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro kudu ta ɓarauniyar hanya.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa riƙe bindiga sai da lasin. An kuma rufe iyakar Illela a 2019, aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a 2024. Amma rufe ƙofa ɗan kasuwa yake tsarewa, mai fasa-ƙwauri daji yake bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da za mu koya daga masu gasar can. Ba a miƙa wa mutum bindiga sai ya san ladabinta, kuma a manyan gasanni alƙalai kan duba ta kafin a fara. Alhali kuwa a ƙauyukanmu tsoro yana sa samari ɗaukar bindiga ba horo, ba mai tambayarsu. Irin wannan yakan kashe maƙwabci kafin ya sami ɓarawo.

Shawararmu ita ce duk wanda hukuma ta yarda ya tsare gari, a rubuta sunansa da lambar bindigarsa, a horar da shi, hakimai da dagatai su tsaya masa. Hukumomin Sakkwato da na Tawa kuma su riƙa musayar labari, gama jama'ar iyakar nan dangin juna ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.