Dokokin Barasa a Jiragen Ruwan Shaƙatawa Lokacin Hutun Bazara

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, jami'o'i da kwalejojin Amurka kan ba ɗalibai hutun mako guda, kowace makaranta da nata makon. Wannan hutu na bazara ya daɗe da yin suna wajen tururuwar matasa zuwa bakin teku da shan barasa ba ji ba gani. Garuruwan da suka saba karɓar baƙin sun gaji ɗaya bayan ɗaya. Fort Lauderdale a jihar Florida ta tsaurara dokokinta bayan ɗalibai kimanin 350,000 sun cika ta a 1985. Panama City Beach ta hana shan barasa a kan rairayin bakin tekunta a duk watan Maris, tun daga 2016. Miami Beach kuwa ta fito ƙarara a 2024 ta ce ba ta buƙatar wannan taro. Daga cikin wuraren da matasan ke nufa a yau akwai manyan jiragen ruwan shaƙatawa, masu tashi daga Miami da Port Canaveral da Galveston, su yi kwana uku zuwa biyar suna zagaya tsibiran Bahamas da gaɓar Meziko a farashin da ɗalibi zai iya biya.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne wace doka ce ke aiki a cikin jirgin. A doron ƙasar Amurka ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba barasa, tun bayan dokar tarayya ta 1984 da ta yi barazanar zaftare kuɗin gina hanyoyi ga duk jihar da ta ƙi bin wannan ƙa'ida. Amma cikakken ikon kowace ƙasa a kan ruwa bai wuce mil 12 na teku daga gaɓarta ba. Da zarar jirgi ya tsallake nan, dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta ce ke binsa, kuma yawancin waɗannan jirage an yi musu rajista ne a Bahamas ko Panama, duk da cewa hedikwatar kamfanoninsu na Miami. Waɗannan ƙasashe ba su da jami'in da ke tsaye a mashayar jirgi yana duba abin da ake zubawa. Abin da ya rage shi ne yarjejeniyar da fasinja ya amince da ita lokacin sayen tikiti. Kamfani ne ya rubuta ta, kyaftin da masu tsaron da kamfani ke biya ne ke aiwatar da ita.

A batun shekaru, kamfanonin sun jingina da dokar Amurka. Carnival da Royal Caribbean ba sa ba ɗan ƙasa da shekara 21 barasa a tafiye-tafiyen da ke tashi daga Arewacin Amurka, ko da yake Royal Caribbean na saukowa zuwa 18 idan jirgin ya tashi daga Turai ko Asiya ko Ostireliya ko Kudancin Amurka. Norwegian Cruise Line ta bar wata ƙofa: matashi mai shekara 18 zuwa 20 na iya shan giya mara ƙarfi da giyar inabi a tsakiyar teku, idan mahaifi ko mahaifiyarsa na cikin jirgin kuma sun sa hannu a takardar amincewa. Akwai kuma ƙa'idar kama ɗaki, wadda kusan don irin taron hutun bazara aka yi ta. A Carnival, wanda bai kai 21 ba dole ne ya zo da ɗan'uwa ko mai kula da shi da ya kai 25. Katin da ke buɗe ɗakin fasinja shi ne kuma abin biyan kuɗi a mashaya, yana ɗauke da hotonsa da shekarunsa, don haka yaudarar mai sayarwa ba ta da sauƙi. Hanyar da aka fi bi ita ce babba ya saya ya miƙa wa ƙarami.

Dokar shigo da barasa daga waje ita ce aka fi aiwatarwa da gaske. Ana haska kowace jaka da na'ura a tashar shiga. Carnival da Royal Caribbean kan yarje wa baligi kwalba ɗaya ta giyar inabi mai mililita 750 a ranar hawa, ban da barasa mai ƙarfi. Wadda aka saya a kantin jirgi ko a garin da aka ya da zango, ana karɓe ta a ajiye sai ƙarshen tafiya. A 2015 Carnival ta hana shigowa da ruwa ko lemo na kwalba baki ɗaya, saboda fasinjoji na juye barasa a ciki. Kamfanonin na cewa wannan ne ke ba su damar sanin abin da kowa ya sha. Akwai gaskiya a nan. Akwai kuma gaskiyar cewa kowace kwalbar da aka ƙwace a ƙofa ciniki ce da ta koma mashayar jirgi.

Inda dokokin suka yi sako-sako shi ne yawan abin da ake sha, kuma nan ne wannan jarida ke ganin matsalar take. Manyan kamfanonin duka na sayar da tsarin biyan kuɗin sha a dunƙule: fasinja ya biya kuɗi tsayayye na kowace rana, yawanci tsakanin dala 60 zuwa 100 ko fiye, sannan ya riƙa karɓar abin sha ba tare da sake biya ba. Ba a sayar da na kwana ɗaya, sai na dukkan kwanakin tafiya. Idan mutum ɗaya a ɗaki ya saya, wajibi ne sauran baligan ɗakin su saya, wai don kada a yi ta rabawa. Tun da kofin barasa mai haɗi kan kai dala 12 zuwa 15, sai mutum ya sha shida ko bakwai kowace rana kafin ya ce kuɗinsa bai tafi a banza ba. Matashin da ya tara kuɗin tafiya da ƙyar zai yi wannan lissafi, kuma zai yi ƙoƙarin cin riba.

Carnival ta sa iyaka a tsarinta mai suna CHEERS!: kofi 15 cikin awa 24, da jiran 'yan mintuna tsakanin kofi da kofi. Royal Caribbean ba ta ambaci adadi ba, ta bar wa ma'aikacin mashaya ya yanke hukunci idan ya ga mutum ya bugu. Don a gane girman lambar 15, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ɗaukar namijin da ke shan kofi 15 a mako guda a matsayin mai shan da ya wuce kima, mace kuwa kofi 8. Abin da likitoci ke kira haɗari a mako shi ne iyakar da jirgi ya yanka wa rana ɗaya. Ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin cewa "ya isa" galibi ɗan Filifin ne ko Indiya ko Indunusiya, yana aikin kwantiragi na watanni, kuma makomarsa na rataye da ƙorafi ko yabon fasinjoji. Ba adalci ba ne a bar masa shi kaɗai aikin taka burki ga abin da kamfaninsa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Bayan faɗace-faɗacen da aka yi ta yaɗa bidiyonsu a intanet, Carnival ta ƙara matakai a 'yan shekarun nan: tarar dala 500 ga mai tada hankali, hana 'yan shekara 17 zuwa ƙasa yawo su kaɗai bayan ƙarfe ɗaya na dare, da karnuka masu sansano miyagun ƙwayoyi. Kyaftin na da ikon tsare mutum a ɗakinsa ko sauke shi a tasha ta gaba ya nemi hanyar gida da kuɗinsa. Duk waɗannan hukunci ne a kan wanda ya riga ya bugu.

Illar ba ta tsaya ga hayaniya ba. Ƙididdigar da ƙungiyar kamfanonin jiragen ta fitar da kanta ta nuna mutum 212 sun faɗa teku tsakanin 2009 da 2019, kuma 48 kacal aka ceto. Rahotannin da ma'aikatar sufurin Amurka ke wallafawa duk bayan wata uku na nuna cin zarafi ta hanyar lalata shi ne babban laifin da aka fi kai ƙara a kansa daga waɗannan jirage. Majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tsaron jiragen a 2010, wadda ta wajabta shingen gefen jirgi ya kai inci 42, a sa ramin leƙe a ƙofofin ɗakuna, a tanadi kayan gwajin waɗanda aka yi wa fyaɗe, a kuma kai rahoton manyan laifuka ga hukumar FBI. Dokar ba ta taɓa batun yadda ake sayar da barasa ba.

Kotuna ne suka ɗan cike giɓin. A 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Florida ta yanke cewa fasinjan da ya faɗo daga matakala bayan an yi ta zuba masa barasa na da damar tuhumar Royal Caribbean da sakaci. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Atlanta ta farfaɗo da ƙarar wata yarinya mai ƙarancin shekaru, wadda ta ce wasu maza sun yi ta saya mata barasa a gaban ma'aikatan jirgi kafin su kai ta ɗaki su yi mata fyaɗe. Sai dai hanyar shari'a ƙunƙuntacciya ce. Tikitin na tilasta a shigar da ƙara cikin shekara ɗaya, a kotun Miami, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan sharaɗi tun 1991. Idan mutuwa ce a tsakiyar teku, wata doka ta 1920 ta taƙaita diyya ga asarar kuɗi kawai. Ɗalibin da ba ya ciyar da kowa, iyayensa ba su da wani abin kirki da za su karɓa, kuma kamfani ya san haka.

Akwai kuma sa'o'in da ake sauka a gari. A Nassau da Cozumel shekarar shan barasa 18 ce, mashayu kuma na jere daf da tashar jirgi. Matashin da aka hana a cikin jirgi kan sha ya ƙoshi a can, ya dawo yana tangaɗi zuwa inda ake da matakala da baranda da teku a ƙasa.

Barin mai sayar da barasa ya zama shi ne mai kafa dokar shanta kuma mai hukunci a kanta, ba kura ajiyar nama ne. Matsayin wannan jarida shi ne, tun da Amurka ta iya tilasta tsayin shinge ga duk jirgin da ke ɗaukar fasinja a tashoshinta ko da tutar wace ƙasa yake ɗauke da ita, za ta iya tilasta iyakar sha da likitoci za su yarda da ita, ta hana sayar da tsarin sha a dunƙule a gajerun tafiye-tafiyen Maris da Afrilu, ta soke sharaɗin da ke tilasta wa abokin ɗaki saye, ta kuma sa a riƙa bayyana rawar barasa a kowane rahoton mutuwa ko fyaɗe. Bayanan na nan, domin katin fasinja na rubuta kowane kofi da lokacin da aka karɓe shi.

Batun ya shafi masu karatu a nan ta fuskar 'ya'yansu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan ɗalibai a Amurka, kimanin 20,000, kuma abokan karatu kan gayyace su irin wannan tafiya. Wanda addininsa ko tarbiyyarsa ta hana shi sha bai tsira daga abin da mashaya ke haifarwa ba, domin ɗaki ɗaya da farfajiya ɗaya yake rabawa da masu sha, kuma sharaɗin ɗaki na iya sa shi biyan kuɗin abin da ba zai taɓa ba. Ɗalibin da ke kan bizar karatu kuwa, idan aka sauke shi a wata ƙasa ko sunansa ya shiga rahoton laifi, komawarsa makaranta ma na iya zama aiki. Kamfanin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara zirga-zirga daga Jidda a tekun Bahar Maliya a Disamban 2024, ba ya sayar da barasa a jirginsa ko kaɗan, amma a tashoshin Florida da Texas babu wani babban kamfani da ke ba fasinja irin wannan zaɓi.